Jikata, ki san kayan aikinki

 Ranar da na leƙo ɗakinki na tarar kina buga aikin da malaminku ya ba ku, sai na tsaya na ɗan kalle ki. Hannunki na dama bai rabu da linzamin kwamfuta ba, na hagu kuwa yana kan cinya, ba aikin fari bare na baƙi. Shi ya sa na ce bari in ba ki kaɗan daga abin da aikin akawu ya koya mini.

Mu da tafireta muka fara. Kuskuren harafi ɗaya a takarda mai kabon uku, sai ka bi kowacce ka goge, ko ka sake daga fari. Ke kuwa an sawwaƙe miki, saura ki san inda sauƙin yake.

Abu na farko shi ne ajiya. Wata rana na buga rahoto shafi 12 a kwamfuta, ina dab da kammalawa aka ɗauke wuta, ban ajiye ko layi ɗaya ba. A ofis na yi sallar isha'i ina sake shi. Don haka da kin buɗe Word, ki sa wa fayil suna mai ma'ana da kwanan wata, kuma duk sakin layin da kika gama ki danna Ctrl da S. Ki ajiye kwafi a filashi ko ki aika wa kanki ta imel. Rigakafi ya fi magani.

Sai ki ba hannun hagu aikinsa. Ctrl da C kwafa ne, da X yankewa, da V liƙawa. In kin goge abu bisa kuskure kada hankalinki ya tashi, Ctrl da Z zai dawo miki da shi. In kina neman kalma a cikin shafi 100, Ctrl da F ya isar miki, a Word ko a burauza.

Na kuma ga kina ta danna sandar tazara don ki kai take tsakiyar shafi. Wannan ɗabi'ar tafireta ce, ki bar ta. Ctrl da E zai tsayar da shi tsakiya, Ctrl da Enter kuma zai kai ki sabon shafi. In kika sa wa kan kowane babi salon Heading 1, Word da kansa zai jera miki abubuwan da ke ciki tare da lambar shafi, ko kin ƙara rubutu sabuntawa kawai za ki yi.

Wanda ya fi damuna shi ne haruffanmu masu lanƙwasa. Baki daban, baƙi daban. Kasa ba ƙasa ba ce. A Word, ki buga 0199 ita kaɗai, ki danna Alt da X, za ta zama ƙ. Lambar ɗ ita ce 0257, ta ɓ kuma 0253. In kina sauri, ki riƙa buga k', d' da b', in kin gama ki danna Ctrl da H ki musanya kowanne gaba ɗaya. Harshen iyayenki ne, ki rubuta shi da mutuncinsa.

A burauza kuwa, ko Chrome ko Firefox, kada ki tara shafuka 30 a buɗe, nauyi suke yi wa kwamfuta har ta riƙa jan ƙafa. Wanda za ki sake buƙata ki danna Ctrl da D ki yi masa alama, sannan ki rufe shi da Ctrl da W. In kin rufe wanda ba ki yi niyya ba, Ctrl da Shift da T zai dawo da shi. Idan jimla takamaimai kike nema a Google, ki sa ta cikin alamar zance, ba zai kawo miki tarkace ba.

In aiki ya kai ki shagon intanet, kada ki yarda burauza ta ajiye kalmar sirrinki, kuma ki fita daga imel ɗinki kafin ki tashi daga kujera. Takardar da za a buga miki ki mayar da ita PDF tun daga gida, don kada tsarinta ya wargaje a kwamfutar wani.

Ban ce ki haddace duka a yini ɗaya ba. Ki ɗauki biyu a mako, ki rubuta a 'yar takarda ki manna gefen kwamfutar, har yatsunki su riƙa zuwa da kansu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Lokacin da kika rage kuwa ki ba wa tunanin abin da kike rubutawa, don wannan babu madannin da zai yi miki shi.

Ranar Juma'a in na zo, ki buɗe aikin nan mu gyara haruffansa tare. Allah ya ba ki ilimi mai amfani.