Darasi na 14: Motsa Jiki ga Mai Ciwon Gaɓɓai

Ɗalibai, wataƙila a gidanku akwai kaka ko wani dattijo mai kukan ciwon gwiwa, musamman da sanyin safiya. Hausawa na kiran wannan cuta amosanin gaɓɓai, wasu kuma su ce sanyin ƙashi. Gaɓa ita ce mahaɗar ƙasusuwa, kamar gwiwa da idon sawu. Jam'inta gaɓɓai ko gaɓoɓi.

Idan kun ga tsoho yana ɗingishi, kukan ce masa, "Baba, zauna ka huta." Tausayi ne ya sa ku, amma yawan zama ƙara masa ciwo yake yi. A bakin kowane ƙashi na gaɓa akwai guringuntsi mai santsi, wanda ke hana ƙasusuwa gogar juna. Guringuntsin nan ba shi da jijiyoyin jini. Daga ruwan da ke cikin gaɓa yake samun abincinsa, kuma sai ana lanƙwasa gaɓar ana miƙe ta ruwan ke shiga yana fita, kamar soso idan an matsa shi an saki. Bugu da ƙari, wanda ya daina tafiya naman cinyarsa kan yi rauni, sai nauyin jiki duka ya koma kan gwiwa.

To, wane irin motsi ya dace? Tafiyar ƙasa a wuri mai laushi, da hawan keke, da iyo ga wanda ya samu wurinsa. Iyo ya fi sauƙi, domin ruwa ne ke ɗauke nauyin jiki. Gudu da tsalle da doguwar tsugunno kuwa, a yi hattara da su. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba manya shawarar motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako, amma kada ku ɗora wa kaka wannan tun ranar farko. Ta fara da minti biyar ko goma, ta riƙa ƙarawa sannu a hankali. Kafin ta fita, ku taimaka mata ta gasa gwiwar da tsumma da ruwan ɗumi, ta kuma sa takalmi mai taushi.

Ɗan tsamin jiki bayan tafiya ba abin tsoro ba ne. Idan dai ciwon ya ƙaru har ya wuce awa biyu bai lafa ba, an zarce kima, gobe sai a rage. Gaɓar da ta kumbura, ta yi zafi in an taɓa, hutu take bukata, kuma a kai mai ita asibiti likita ya duba.

Tambayoyi

1. Ta yaya guringuntsi ke samun abincinsa?
2. Ku yi jimla da kowace kalma: ɗingishi, lanƙwasa, lafa.
3. Ku rubuta jimloli uku na shawara ga kakarku, kuna farawa da "Kaka, ki..." ko "Kaka, kada ki..."