DARASIN YAU: ƘUMA A JIKIN KAREN GONA, DA YADDA TAKE SHAFAR KAJI DA KIFI

Da yawa daga cikinmu a yankin Boɗinga da Shagari muna ajiye kare don gadin kaji da kwamin kifi. Tun shigowar damina tambaya ɗaya ke ta zuwa mini: kare na ta susa, wai akwai wani maganin ɗigawa a ruwan sha mai suna homiyofati, yana korar ƙuma?

Amsata ita ce a'a, ga dalili. Wani likita ɗan Jamus, Samuel Hahnemann, shi ya ƙirƙiro wannan hanya a 1796. Ana sirka abu da ruwa ne a yi ta maimaitawa. Idan ka ga an rubuta 30C a kwalba, ma'anarsa an sirka kashi 1 cikin 100 har sau 30, kusan ruwa zalla ya rage. A 2015 hukumar binciken lafiya ta ƙasar Ostireliya ta duba lamarin, ta ce babu wata cuta da ke da hujja mai ƙarfi cewa yana warkarwa. To kun ga, kana jiran ɗigo ya yi aiki, ita ko ƙuma tana ta haihuwa.

Abin da nake so ku riƙe shi ne, ƙumar da kake gani a jikin kare kaɗan ce, kamar kashi 5 cikin 100. Sauran, wato ƙwai da tsutsa, suna ƙasa: wurin kwanciyarsa, ƙarƙashin buhuna, cikin shimfiɗar akurki. Mace ɗaya na iya yin ƙwai 40 zuwa 50 a rana, kuma cikin sati 2 zuwa 3 sun zama manya idan akwai ɗumi da danshi. Akwai kuma irin wadda ke maƙalewa a kunnen kare, ita ce dai ke maƙalewa a zankon kaza da gefen idonta. Tana shan jini, ƙwai ya ragu, 'yan tsaki su rame har su mutu.

Ga yadda nake yi:

1. Share wurin kwanan kare da akurki, a ƙone sharar. Buhu da tabarma a shanya su a rana. Zafin ranar Sakkwato na kashe tsutsar ƙuma kyauta.
2. A yi wa kare wanka da sabulu, a bar kumfar kamar minti 10, a taje gashin. Wannan na kashe na jikinsa ne a ranar kawai.
3. Ganyen dogon yaro da toka suna ɗan ragewa, amma ba sa gamawa da ita in ta yi yawa.
4. Wadda ta maƙale a fuskar kaza, a shafa mata Vaseline, kar ya shiga ido.
5. Maganin kare na gaskiya, likitan dabbobi zai ba ka daidai nauyinsa. Sakkwato ba nisa, akwai asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. A ci gaba har wata 3 don a kama waɗanda ke ƙyanƙyashewa daga baya.

Hattara da waɗannan:

Kar a ba kare tafarnuwa ko albasa, suna lalata masa jini. Kar a shafa masa kananzir ko baƙin mai.

Masu kifi, ku saurara da kyau. Cypermethrin da permethrin guba ne mai tsanani ga kifi, ɗan kaɗan ya isa ya kashe maka tarwaɗa. Kar a yi wa kare wanka kusa da kwami ko bakin madatsar ruwan Shagari, kar kuma bokitin maganin ya koma ɗiban ruwan kifi.

Maganin kare mai fipronil kuwa ba na kaji ba ne. A 2017 sai da aka janye miliyoyin ƙwai daga kasuwannin Turai saboda an same shi a ciki.

Mai tambaya ya ajiye ta a ƙasa, ya faɗi yawan kajinsa da nisan kwaminsa daga wurin kare. Allah ya sa albarka a kiwonmu.