Me Ke Tsayar da Babur, Me Ke Tura Jirgi?

Duk wanda ya taɓa zama a bayan kabu-kabu a hanyar Maraɗi zuwa Ɗan Isa ya san abin da ke faruwa idan akuya ta gitta. Mai babur ya taka birki, babur ya tsaya cak, na baya kuwa sai ƙirjinsa ya bugi gadon bayan direba, alhali ba wanda ya ingiza shi.

Amsar wannan tana cikin littafin da Isaac Newton, mutumin Ingila, ya fitar a 1687. Ƙa'idarsa ta farko ta ce abin da ke tsaye ba ya motsawa sai an tura shi ko an ja shi, abin da ke tafiya kuma ba ya tsayawa ko ya karkace sai wani ƙarfi ya tare shi. Birki tayoyi ya kama, bai kama fasinja ba, don haka jikinsa ya ci gaba da gudun da yake yi. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya riga ya kusanci wannan magana, domin ya ce abin da aka jefa ba zai daina tafiya ba in babu abin da ke rage masa ƙarfi.

Nan ne ɗalibai da yawa ke yin tuntuɓe, kuma ba laifinsu ba ne, don ido yana nuna musu komai kan gaji ya tsaya da kansa. Abin da ke tsayar da shi gogayya ce tsakaninsa da ƙasa, ko iska, ko ruwa. A dubi amalanken shanu ɗauke da buhunan gero. A kan kwalta shanun na tafe suna kaɗa wutsiya, amma da sun faɗa rairayin Gulbin Maraɗi da rani sai tayoyi su nutse, wuyan shanu ya miƙe, mai amalanke ya diro yana turi yana tsawa. Kaya bai ƙaru ko da tiya ɗaya ba, turjiyar yashi ce ta ƙaru.

Tafkin Madarumfa an fi saninsa da kaburburan waliyyai 99 da ke kewaye da shi, waɗanda suka sa Nijar ta miƙa sunan wurin ga UNESCO a 2006. Amma malamin kimiyya zai sami aji guda a bakin ruwan. Masunci yakan kafa gora a ƙasan tafki ya tura baya, jirgi ya yi gaba. Yaron da ya yi tsalle daga jirgin da ba a ɗaure ba yakan tsinci kansa tsamo-tsamo cikin ruwa, saboda ƙafarsa ta tura jirgin baya daidai da yadda jirgin ya tura shi gaba. Ƙa'idar Newton ta uku ke nan, kuma da ita kumbo ke tashi sama.

Ƙa'ida ta biyun ce ya kamata iyaye su zauna su ji tare da ƴaƴansu. Gwargwadon nauyin abu, gwargwadon ƙarfin da ake bukata kafin a tayar da shi ko a tsayar da shi. Shi ya sa babbar motar da ta ɗauko kaya daga Jibiya ba ta tsayawa inda keke zai tsaya, kome ƙwarewar direbanta.

Gudu ya fi nauyi ha'inci. Babur mai gudun kilomita 30 a awa, a busasshiyar kwalta da birki mai kyau, yana tsayawa cikin kimanin mita 5. In ya ninka gudun zuwa 60, ba mita 10 zai ci ba, wajen mita 20 zai ci, domin ninka gudu sau biyu yana ninka nisan birki sau huɗu. Kafin ma ƙafa ta kai ga birki akwai kusan daƙiƙa guda da ido zai gani, ƙwaƙwalwa ta yanke shawara, kuma a cikinta mai gudun 60 ya riga ya shafe kusan mita 17. A haɗa, ya kusa mita 40. In yashi ya hau kwalta ko damina ta jiƙa ta, nisan ya zarce haka.

Hular kwano ma lissafin ɗaya ne. Kan da ya bugi kwalta yana tsayawa nan take, ƙarfin duka ya sauka a kan ƙoƙon kai gaba ɗaya. Soson da ke cikin hular yana lotsewa, ya ɗan ja lokacin tsayawar, sai ƙarfin bugun ya ragu. Hular da aka ɗora ba a ɗaure igiyarta a haɓa ba kuwa, tana tashi daga kai tun kafin mai ita ya kai ƙasa.