Amsoshin Tambayoyinku: Zan gina gidan alfarma a Rurum, me ake yayi yanzu?

TAMBAYA: Ni ɗan Rurum ne ta ƙaramar hukumar Rano, amma kasuwanci ya zaunar da ni a Abuja. Allah ya hore mini fili babba a gida, ina so in gina inda zan riƙa sauka, in kuma koma gaba ɗaya idan girma ya zo. Ina da mata biyu da yara, ga mahaifiyata. Injiniyan da na samu kullum sai ya turo mini hotuna ta waya: bene, gilashi tun daga ƙasa har sama, wurin ninƙaya. Don Allah me ake yayi a manyan gidaje yanzu, kuma a kan me ya kamata in sa kuɗina?

AMSA: Allah ya sanya alheri, ya sa a gama lafiya a shiga lafiya.

Yayin ba ɓoyayye ba ne. In ka zaga Nasarawa ko Bompai a Kano, ko sababbin gidajen Asokoro da Guzape da kake wucewa kullum, kusan abu ɗaya za ka gani. Bene hawa ɗaya, fenti fari da ruwan toka, gini miƙaƙƙe ba lanƙwasa, rufi kuma an ɓoye shi bayan bango yadda ba a hango kwano daga waje. Wannan ne ke ture dogon rufin nan mai tsini da aka yi ta yi a shekarun baya, wanda katakonsa da kwanonsa kaɗai sun isa gina wani ƙaramin gidan. A ciki kuwa silin POP da fitilu a binne, manyan tayil masu sheƙi, ƙofar Turkiyya, kowane ɗaki da banɗakinsa, falo biyu ko uku. A waje an shimfiɗa intalok, ga rumfar mota, ga kyamara a kowace kusurwa. Masu hannu da shuni sukan ƙara wurin ninƙaya da ɗakin motsa jiki. Da yawa daga kayan nan in ka shiga Ƙofar Ruwa da kuɗinka za ka fito da su a rana ɗaya.

Sai dai hoton waya ba ya nuna watan Afrilu. Gidajen gilashin da ake kwaikwayo na Dubai ne da Turai. Na Dubai na'urar sanyaya ɗaki ce ke riƙe da su dare da rana, na Turai kuwa ranar suke nema. Kai a Rurum da bazara zafi kan kusanci digiri 40, ga duwatsun garinku da ke wuni suna shan rana su kwana suna furzar da ita. Babbar tagar gilashi mai kallon yamma, daga azahar zuwa magariba rana za ta yi ta kwarara a ɗakin, labule ba zai hana ba, don zafin ya riga ya shigo kafin ya tarar da labulen. Maganin wannan a kan takarda ake yin sa, kuma ba ya cin ko sisi. A juya gidan yadda dogayen bangayensa za su kalli kudu da arewa, a sa manyan tagogi a can, a rage na gabas da yamma, a yi musu baranda mai inuwa. Kowane ɗakin kwana a ba shi taga biyu a bango daban-daban don iska ta ratsa. A ɗaga silin, a sa kwano mai hasken launi. Baƙin kwano yana da kyau a hoto, amma wanda ya taɓa kwana a ƙarƙashinsa ran da ba wuta ya san sauran bayani.

Ɓoyayyen rufin ma a yi masa tunani. Ruwansa a kwata ta siminti yake taruwa a bayan bango kafin ya bi bututu ya sauka. Ganyen darbejiya kaɗan ya isa ya toshe bakin bututun, sai ruwan Agusta ya cika kwatar ya koma ciki. Da fari ɗigon rawaya za a gani a kusurwar POP, bayan kwana biyu ya kumbura, wata rana a ji ya rufto a kan kujeru. Maginan soro sun san wannan matsala tun da can, shi ya sa suke zura indararo dogo ya watsar da ruwa nesa da bango, kuma duk shekara kafin damina sai an hau an duba. Kai da ba ka gari, ko dai a yi kwatar mai faɗi da mafita fiye da ɗaya, ko ka haƙura da yayin ka yi rufin da bakinsa ya zarce bango.

Tunda na ambaci soro, ka san ginin ƙasa ya fara dawowa ta hannun masu digiri. A Nijar, Mariam Issoufou Kamara da abokan aikinta sun gina gidajen Niamey 2000 a shekarar 2016 da tubalin ƙasa wanda inji ke matsewa, sannan a 2018 aka kammala masallaci da ɗakin karatu na Dandaji da irin wannan tubali. Kafin su, masallacin Yaama da Falke Barmou ya gina ya ci kyautar Aga Khan a 1986. Hikimar ɗaya ce da ta masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a shekarun 1830: bango mai kauri yana riƙe zafin rana, ba ya barinsa ya isa ciki sai dare ya yi sanyi. Ba na cewa ka yi gidan duka da ƙasa, don sai an dace da maginin da ya ƙware da kuma harsashi mai tsayi da zai raba bangon da laima. Amma zaure ɗaya da bakan gizo da zanko a ƙofar gida, in an yi shi da kyau, zai fi ginshiƙan Rumawan nan na siminti da kowa ke jerawa kwarjini.

Inda na fi so ka zauna da mai zanen ka ɓata lokaci shi ne tsarin ciki. Zanen da ake saukewa daga intanet na gidan mutum huɗu ne, miji da mata da 'ya'ya biyu, ana buɗe ƙofa sai falo, daga falon ana hango kicin. Kai kuwa ran da aka ji ka sauka a Rurum, tun da hantsi masu gaisuwa za su fara sallama, daga Rano, daga Kibiya, da abokan makarantar allo da ka manta sunansu. Waɗannan suna buƙatar wurinsu: falon baƙi mai ƙofar kansa daga waje, da banɗakinsa, da wurin alwala, yadda baƙo zai wuni bai ga cikin gida ba, mata kuma su shiga su fita ta wata ƙofar ba sai sun ratsa maza ba. Aikin zaure da shigifa ke nan, suna kawai aka canza. Ka kuma tuna wa mai aikin famfo alƙibla kafin ya kafa masai, don bayan an sa tayil gyaran da ciwo.

Sashen matanka a auna su da tef, su zo daidai a faɗi da yawan ɗakuna, har da inda tagoginsu ke kallo. In aka ba ɗaya sama ɗaya ƙasa, ko ɗaya ta sami ɓangaren inuwa ɗaya ta sami na yamma, ka gina wa kanka shari'ar da ba ta ƙarewa. Hajiya mahaifiyarka kuwa a ƙasa, ba matakala ko ɗaya tsakaninta da tsakar gida, da tayil mai kaushi, da ƙarfen dafawa a banɗaki. Tayil mai sheƙin nan in ruwan buta ya zuba a kai, yaro ma sai ya yi da gaske, balle tsohuwa. A ba ta ƙofa kusa da waje, don ƙawayenta ba za su so ratsa falo mai kafet da kwanon furarsu ba, sai su daina zuwa, ka wayi gari ka ajiye ta a fada ita kaɗai.

Shi kansa benen, me ya kawo shi? A Maitama tsadar fili ce ke tura mutane sama. Kai ka ce filinka babba ne. Bene a cikin gari irin Rurum tagoginsa tsakar gidan maƙwabta suke leƙawa, inda mata ke daka da wanki ba mayafi, kuma an sha ɓatawa a kan haka. In ranka na son benen, a juya tagogin sama su kalli cikin gidanka. Sannan akwai maganar da ba a so a yi, wato gado. Katafaren gida mai ƙofa ɗaya da matakala ɗaya ba ya rabuwa, ƙarshensa sayarwa, kuma mai sayen irinsa a ƙauye ba shi da yawa. Gidan da aka yi sashe-sashe, kowanne zai iya samun ƙofarsa, ya fi yi wa na baya adalci.

Kicin a yi biyu. Na ciki mai gas da kabad, da na waje mai murhu da rumfa. Ranar suna ko layya ba a ɗora tukunyar da ke cin rabin buhun shinkafa a kan gas mai kai huɗu, kuma turmi in aka kafa shi a kan tayil, sau uku taɓarya za ta sauka ka ji ƙas. A yi sito mai iska da dakali a ciki don buhunan masara kada su taɓa ƙasa. Kada kuma a rufe filin duka da intalok, zafi yake tarawa. A bar wurin shanya, da garken raguna a can baya, da ƙasar da bishiya za ta sha ruwa. Mangwaro da darbejiya a dasa su tun kafin a haƙa harsashi, nesa da bango da shadda, kafin a gama fenti sun kai ƙirji.

Ruwa. Kada kusancinku da Tiga ya ruɗe ka. Madatsar da aka kammala a 1974 zamanin Audu Baƙo ruwan kogi ta tare, ba ta ce komai a kan abin da ke ƙarƙashin filinka ba. Ƙasarku ta dutse ce, ruwan ƙasa a tsagar dutse yake maƙalewa, shi ya sa maƙwabci zai haƙa burtsatse ya dace, kai ka haƙa a gefensa ka tashi da ƙura. A kira masu na'urar auna ruwa kafin a zana gidan, inda suka nuna a bar shi, a kai shadda nesa da shi kamar mita 30.

Daga nan sai mu yi lissafin wurin ninƙaya. Mai tsawon mita 8 da faɗin mita 4 da zurfin mita ɗaya da rabi yana cin lita 48,000 kafin ya cika. Ko milimita 5 kacal rana da iskar hunturu suka ɗauke a wuni, lita 160 ta tafi. Ga famfon tacewa da dole ya yi aiki kullum, ga magani. Ka yi wata biyu a Abuja, famfon ya tsaya, ruwan ya koma kore, ka buɗe wa sauron unguwa gidan haihuwa. Ga kuma yara, naka da na dangi, a gidan da ƙofarsa ba ta rufuwa ranar taro. In da ni ne, kuɗin ramin nan tankin ƙarƙashin ƙasa zan yi da shi in tari ruwan rufi. Rufi mai faɗin murabba'in mita 300, duk milimita ɗaya ta ruwan sama lita 300 yake zubarwa.

Abin da na yarda yayi ne kuma ya cancanci yayinsa shi ne sola. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, janareto ya zama abin da ake tayarwa da lissafi. Amma sola ba abin da ake liƙawa bayan an gama gini ba ne. Tun a zane a ware wa batir da inbata ɗaki mai sanyi da iska, don zafi ke kashe batir da wuri, ko da na litiyom ne. A raba wayarin biyu, fitilu da fanka da firji a layi ɗaya, hita da dutsen guga da famfon burtsatse a wani. Faifan solar su kalli kudu, a kuma yi tsanin hawa wanke su, don ƙurar hunturu na rage musu ƙarfi sosai. Waya a sayi ta gaskiya. Ita ce ba a gani, kuma ita ce ke cinna wa silin wuta.

Kyamarar da kake kallo ta wayarka tana da amfani ga mai nisa irinka, muddin sabis na kamawa a wurin. Makullin da ke buɗewa da zanen yatsa da labulen rimot kuwa, kafin ka saya ka tambayi kanka wa zai gyara. In duk abin da ya lalace sai an ɗauko mutum daga Kano an biya masa kuɗin mota, zai zauna a lalace. Famfo da makunni da tayil a zaɓi irin da ake samun abokinsu a kasuwa, a kuma sayi ragowar tayil a ajiye a sito, don launin bana baɗi ba ka samunsa.

Injiniyanka ban san shi ba, ban kuma ce komai a kansa ba. Amma mai zane daban, mai gini daban, mai duba aiki daban. Nemi mai zanen da ke da rajista da ARCON da injiniya mai rajista da COREN, a kai su filin su tsaya a kai da la'asar, ba a tura musu hoto ba. Takardun filin su kammala kafin bulo na farko. Biya kuma mataki-mataki: harsashi, linta, rufi. Ka sa wanda kai kake biyansa, ba ɗan kwangila ba, ya riƙa zuwa, kuma in bene ka tsayar, kada a zuba dekin sai ya hau da ƙafarsa ya ƙirga rodi.