Tudun da Kalibu Ya Roƙa

Karatunmu na yau: Joshuwa 14:6-15

Ɗan'uwana mai sauraro, bari in tambaye ka. Akwai abin da ka yi niyya tun kana saurayi, har yau ba ka yi ba? Wani karatu yake so ya koya domin ya buɗe Littafi Mai Tsarki da kansa. Wata ɗinki take so ta iya. Wani kuma rijiya ya ce zai haƙa a bayan gari ya yi lambu. Sai aure ya zo, 'ya'ya suka biyo baya, damina ta yi gardama, maganar ta kwanta. Yanzu ka haura 40, furfura ta fara leƙowa, in an taɓo zancen sai ka yi dariya ka ce, "Ai mu namu ya wuce, sai dai yara."

Ka dubi Kalibu ɗan Yefunne. Shekararsa 40 sa'ad da Musa ya aike shi daga Kadesh-barneya cikin mutum 12 su leƙo ƙasar Kan'ana. Da suka komo bayan kwana 40, goma daga cikinsu suka karya zuciyar jama'a. Kalibu da Joshuwa ne kaɗai suka ce a tashi, Ubangiji zai ba da nasara. Jama'a suka ƙi. Ka lura da kyau, jinkirin da ya sami Kalibu ba laifinsa ba ne. Tsoron waɗansu ne ya sa ya tsufa yana yawo cikin jeji, yana binne sa'o'insa ɗaya bayan ɗaya. Mai yiwuwa kai ma haka ne: an cire ka daga makaranta domin kiwo, ko mahaifi ya rasu nauyin ƙanne ya faɗo a wuyanka.

Bayan shekara 45, yana da 85, ya zo wurin Joshuwa a Gilgal ya tuna masa da alkawarin da aka yi masa ta bakin Musa. Da ni ne, da fadama zan roƙa, inda tsoho zai huta. Shi kuwa ƙasar tuddai ta Hebron ya nema, inda Anakawa suke da manyan birane masu garu, wato mutanen nan da suka tsorata 'yan leƙen asirin tun farko. Bai kuwa cika baki ba, ya jingina nasararsa ga kasancewar Ubangiji tare da shi. Sura ta 15 ta nuna ya kori 'ya'yan Anak uku daga wurin. Da ya zo kan Debir kuma, bai ce lalle sai da hannunsa ba. Otniyel, matashi daga cikin danginsa, shi ya ci garin. Dattijon da yake son sabon abu dole ya yarda yaro ya taimake shi.

A nan ne da yawa suke tuntuɓe. Ɗauki karatu. Tun 1932 aka buga dukan Littafi Mai Tsarki da Hausa, amma har yanzu akwai dattawan ikkilisiya da suke riƙe shi ranar Lahadi suna jira a karanta musu. Ba ƙwaƙwalwa ce ta gaza ba. Kunyar zama a benci ɗaya da yara ce, da tsoron jika ya gyara maka baƙi. Gemu ba ya hana ilimi. Wani kuma ya gwada, ya ga rubutu yana yi masa hazo, ya ce tsufa ne ya rufe ƙofa. Alhali haka idon yawancin mutane yake yi bayan shekara 40, ganin kusa yana raguwa. A je asibiti a gwada ido, sau da yawa tabarau na karatu kaɗai ya isa.

Amma kada ka ji wannan ka ce kowane marmari tudun Kalibu ne. Wanda ya sayar da gonar gādo a ɓoye, ya bar mata da 'ya'ya ba hatsi a rumbu, ya nufi hamada neman arziki, ba bangaskiya ya nuna ba. Kalibu bai yi nasa a ɓoye ba. Tare da mutanen Yahuza ya zo, a fili ya yi magana, kan alkawarin Allah kuma ya tsaya. Ka auna niyyarka da wannan. Za ka iya faɗinta a gaban uwargida ko maigida? Za ta amfani gidanka da maƙwabtanka? Za ka iya durƙusawa ka roƙi albarka a kanta ba tare da zuciyarka ta tsarge ka ba?

In amsarka i ce, to, kafin Lahadi mai zuwa ka gaya wa mutum ɗaya: fasto, ko shugabar zumuntar mata, ko telan unguwarku. Ka tambayi ranar da za ka fara, da abin da za ka biya. Kafin shirinmu na gobe kuma ka karanta Littafin Ƙidaya sura 13 da 14. In ba ka iya ba tukuna, kira ɗanka ya karanta maka, ka ce ya riƙa bin layin da yatsa kana kallo.