Inshorar Gona: Maganar Wakili Da Sharuɗɗan Yarjejeniya

Manomi, idan ka karɓi bashin noma daga banki, galibi za a haɗa maka da inshora. Tun 1987 Gwamnatin Tarayya ta ɓullo da shirin inshorar aikin gona, wanda hukumar NAIC ke gudanarwa, domin biyan diyya idan ambaliya, fari, gobara, ƙwari ko cuta suka halaka amfanin gona. Amma diyyar tana tafe da sharuɗɗa, kuma wanda ke bayyana maka su shi ne wakilin kamfani. A nan rikici ya fi tasowa.

Mu ɗauka manomi ne a ƙasar Kontagora ya sa masararsa a inshora. Takardar yarjejeniya ta ce ya sanar da kamfani duk wata ɓarna cikin ƙayyadadden lokaci, kuma kada ya taɓa gonar sai jami'i ya zo ya gani. Tsutsar nan mai cin masara, wadda ta bayyana a Nijeriya a 2016, ta auka wa gonar. Ya kira wakili, wakili ya ce, "Ba komai, Alhaji, ka kafce ka shuka wake, ni zan ji da ofis." Da aka zo neman diyya, kamfani ya ce an saɓa sharaɗi. Wa zai ɗauki asarar?

Amsar ta rataya ne a kan ikon da wakilin yake da shi. Idan kamfani ya ba shi ikon sassauta sharaɗi, ko ya bar shi yana yin haka har jama'a suka ɗauka yana da ikon, to maganarsa maganar kamfani ce. Haka kuma idan kamfani ya san an saɓa sharaɗin, amma ya ci gaba da mu'amala da kai kamar babu abin da ya faru, da wuya a saurare shi in ya zo daga baya ya fake da shi. Sai dai yawancin wakilai aikinsu kawo masu saye ne kawai. Takardu da yawa ma sun faɗa ƙarara cewa ba a canza sharaɗi sai da rubutaccen izini daga ofis, kuma da zarar ka karɓi takarda mai wannan magana, an ɗauka ka san iyakar wakilin. Ko da gaskiya na wajenka, maganar da aka yi a bakin gona ba ta da sauƙin tabbatarwa.

Dokar Inshora ta 2003, wadda sabuwar doka ta maye gurbinta a 2025, ta ɗauki bayanin da ka yi wa wakili a matsayin wanda ka yi wa kamfani, muddin yana aiki cikin iyakar ikonsa. Amma ta ce wakilin da ya taya ka cike fom, a madadinka ya yi. Wato idan ya rubuta hekta 5 alhali 3 gare ka, kai za a tuhuma. Don haka a karanta maka fom kafin ka sa hannu ko ka dangwala.

Duk sassaucin da wakili ya yi maka, nemi a rubuta shi a takardar kamfani mai hatimi. Kada ka yarda da "ka biya bayan girbi", domin ƙa'idar inshora ita ce sai an biya kuɗi kariya ke farawa. Karɓi rasit mai sunan kamfani. Ranar da ɓarna ta auku, kai rahoto a rubuce, ka ɗauki hoton gonar, ka ajiye kwafi.

Malamin gona, ziyararka da ranar da ka rubuta a littafinka shaida ce mai amfani ga manomi. Idan kamfani ya ƙi biya, taimaka masa ya kai kuka ga NAICOM, hukumar da ke kula da kamfanonin inshora, tare da rasit, takardar yarjejeniya da kwafin rahoton.