Shin Mutanen Sin Suna da Miya Irin Tamu?

Malama Hadiza daga Zariya ta aiko mana da tambaya, tana cewa: shin mutanen ƙasar Sin suna da miya irin tamu, kuma Musulmi zai iya ci?

To Malama Hadiza, mun gode da wannan tambaya. Miyarsu ta fi kama da romo ko farfesu, kuma kowane yanki da irin nasa romon. A kudu, wajen Guangzhou inda 'yan kasuwarmu ke zuwa sarin kaya, akan rage wuta a bar romo ya yi sa'o'i yana dahuwa, ba yaji sosai. A Sichuan kuwa barkono ne har ya yi yawa.

Batun Musulmi, a duba arewa maso yamma. A birnin Lanzhou, Musulmi 'yan ƙabilar Hui sun shahara da romon naman sa garai-garai, a ja taliya da hannu a gabanki, a zuba man barkono da ɗanyen ganye. A Xi'an kuma romon rago ne. Mai ci da kansa zai zauna ya gutsuttsura gurasa ƙanana-ƙanana a kwano, sannan a karɓa a dafa ta cikin romon. Ni dai wannan na fi so.

Sai dai a yi hattara da abin da suke kira jan dahuwa. Jan dahuwa nama ne da ake dafawa da ruwan waken soya da sukari har ya yi ja, kuma sau da yawa naman alade ne, da giyar shinkafa a ciki. Don haka Malama Hadiza, a nemi gidan abinci mai alamar halal.